Jirgin Alhaji Babba da Ƙodata ta Hagu

Bari in amsa laifina da bakina kafin Goggo Falmata ta riga ni, don ita in ta ba da labarin sai ta mai da ni mahaukaci tuburan. Wata huɗu cur ina ganin jini a ƙarshen fitsarina, ina gaya wa kaina jan katakon madaci ne ya ratsa fatata. Ni ɗin nan da nake ajin kimiyya a sakandare. Na rubuta wannan ne saboda yaran Hadejia da ke shiga ruwan fadama, musamman masu wayo irin nawa.

Kakana, Alhaji Babba, mahaifin babanmu, asalinsu mutanen bakin Tafkin Chadi ne. Yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ya tafi da shi aikin hajji a ƙasa. Suka ratsa Sudan har bakin Bahar Maliya, suka shiga wani jirgin katako da ake kira sambuk, wanda ba shi da inji, sai wani ƙaton ƙyalle mai kusurwa uku da iska ke turawa. Na ji labarin nan ya fi sau dubu tara, kuma kullum igiyar ruwan sai ta ƙara tsawo. Ran nan na gaji na ce masa, "Alhaji, anya ba kwalekwalen masuntan fadamar Baturiya aka ɗaura wa zanin gado ba?"

Ya harare ni. "Takwara, kai da ko kwano ba ka taɓa tuƙawa ba? In ka isa, ƙera mini shi, in nuna maka inda na zauna."

Sunansa aka sa mini, Modu, shi ya sa yake ce mini Takwara. Sauran mutanen gida Abba suke kira na. Na ce na isa.

Ya ce ya auna jirgin da ƙafarsa, taku arba'in da biyu na yaro. Na mai da kowane taku faɗin yatsa ɗaya. Wani kafinta a unguwarmu ya ba ni guntayen madaci, ya tsaga mini su sirara kamar bulala. Na sassaƙa ƙashin bayan jirgin, na kafa masa haƙarƙari goma sha shida, Alhaji yana zaune a zaure yana ba da umarni kamar shi ya ƙera na ainihin. Matsalar ta zo wajen rufe jikin jirgin. Dole kowane siririn katako ya lanƙwasa ya bi haƙarƙarin, ni kuwa da na tanƙwara sai in ji ƙas! Wani mai gyaran kwalekwale ya ce in jiƙa su kwana biyu, za su yi laushi.

Na jiƙa su a randar Umma. Washegari ruwan ya yi ja, kunun gidan ya yi ɗacin da har kyanwarmu ta yi ƙaura. Umma ta tsaya a kaina ta ce, "Kai wannan, in na sake ganin itace a ruwana, kai da jirgin za ku koma waje."

Ni ne ɗanta na fari, ga kuma sunan surukinta a kaina, don haka tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma zama hira da ni. Kai wannan, shi ne sunana a wurinta.

Sai na koma wani kududdufi da ambaliyar kogi ta bari a fadamar bayan gari, cike da kachala, doguwar ciyawar nan da ta cinye mana ruwa. Don kada yara su sace mini katako, sai in kutsa har ruwa ya kawo mini ƙirji, in ɗaure damin a gindin kachala. Da tsakar rana nake zuwa, bayan an tashi daga makaranta, sau uku ko huɗu a mako. In na ciro damin sai in ga ƙananan katantanwa sun manne masa, in sa yatsa in ɓalle su, har ina yi musu waƙa. Ruwan da ke kewaye da damin kuwa ya yi ja-ja-ja.

Abin ya fara da ƙaiƙayi a ƙafafu da cinya, na ce kachala ce. Bayan 'yan makonni zazzaɓi ya kwantar da ni, aka sayo maganin zazzaɓin sauro a kemis, na miƙe. Sannan wata rana na ga ɗigon ja a ƙarshen fitsari. Nan take ƙwaƙwalwata ta kawo mini ɗauki: madaci ya rina randa, ya rina kududdufi, to me zai hana shi rina ni? Don ƙarin tabbaci na tambayi abokina Sale.

"Kai, balaga ce!" in ji shi. "Namijin da bai yi jan fitsari ba ai yaro ne. Ni tun ina aji biyu na yi nawa. Barka da shigowa cikin manya."

Ga bayani har biyu, kowanne ya fi asibiti daɗi. Na ci gaba da shiga ruwa.

Wanki ne ya tona mini asiri. Ɗigon yana ɓata mini wando, ba kuma a sallah da najasa, sai na zama kullum ina bakin famfo da sabulu. Yaron da bai taɓa wanke ko hankici ba da son ransa. Umma tana kallo. Ga kasala, in na hau keke kaɗan sai in riƙa haki kamar na turo tirela daga Kafin Hausa. Ga wani ciwo da ya zauna mini a kwiɓin hagu, ba ya tsanani, ba ya tafiya. Wata Juma'a ta ɗaga katifata ta sami farin wandon da ban kai ga wankewa ba. Ta naɗe shi a leda, ta kai zaure ta ajiye gaban Alhaji, ta koma bayan ƙofa ta tsaya.

"Takwara, zauna. Tun yaushe?"

"Jan madaci ne, Alhaji."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Tsargiya ce, sakarai. Mu a bakin tafki wa bai yi ba? Tana zuwa ta wuce."

Sai muryar Umma daga bayan ƙofa, ƙasa-ƙasa. "Baba, a duba idonsa, fari fat. Mako uku ke nan ba ya cinye tuwonsa. In zai tashi sai ya dafe kwiɓi."

Ban san tana ƙirga lomata ba sai ranar. Alhaji ya ja fatar idona ya duba, dariyar ta ɗauke.

Kafin magariba labari ya kai ga Goggo Falmata, ƙanwar babanmu. Ta iso da galan cike da jiƙon sassaƙe da jar kanwa, baƙi ƙirin, warinsa kaɗai ya isa ya kori aljani. "Zafin rana ne ya dafa masa ciki. Kofi uku a yini, kwana bakwai, ko ɗigo ba za a sake gani ba. Asibiti in ka je da ciwo ɗaya, da uku za ka dawo." Maƙwabciyarmu Malama Rifkatu, malamar firamare 'yar Kudancin Kaduna, tana tsakar gida ta zo aron turmi. Ta jira Goggo ta shiga ɗaki, ta ce wa Umma, "Maman Abba, don Allah kada ya sha. A fara gwada shi. Yaran ajina da yawa sun yi, ƙwaya ce ake ba su." Umma ta karɓi galan ɗin da hannu biyu, ta yi wa Goggo godiya mai yawa. Kullum da safe sai ta tsiyaye kofi uku a gindin dalbejiyarmu. Babanmu, da yake can Kudu ya kai busasshen kifi, ya ce ta waya a kai ni asibiti ran Litinin.

Makon farko. Mun isa asibiti rana ba ta gama fitowa ba, muka tarar da layin yankar kati kamar ana rabon kujerar Makka kyauta. Da muka kai taga, mai yankar katin ya ce, "Sunan mara lafiya?"

Umma ta dubi gefe.

"Hajiya, sunansa! Akwai mutane a bayanki."

Ta zungure ni da gwiwar hannu. "Kai wannan, ba ka da baki ne?"

Likita ya tura mu ɗakin gwaji. Mai gwajin ya miƙo mini 'yar kwalba, ya ce in jira sai rana ta take, in yi tsalle-tsalle tukuna, sannan in kawo masa na ƙarshen fitsarin. Haka na tsaya bayan ɗakin ina tsalle kamar kwaɗo, tsofaffi a kan benci suna cewa Allah ya ba shi lafiya, yaro ƙarami. Da ya duba, sai ya ce, "Kai ɗan kimiyya ne ko? Zo ka ga baƙinka." Na leƙa na'urar. Ƙwayaye ne dogaye masu tsini a ƙarshensu, sak jikin jirgina, sun fi a ƙirga. Ya ce tsutsar daga jikin katantanwa take fitowa, ta huda fatar mutum a cikin ruwa, ta zauna kusa da mafitsara tana zuba ƙwai. Na tuna waƙar da nake yi wa katantanwan nan.

Aka auna nauyina, aka ba ni wasu manyan ƙwayoyi, aka ce in ci abinci sosai kafin in sha. Ɗacinsu ya sa na yafe wa madaci. Yinin nan gidanmu ya yi ta juyawa da ni, na yi amai sau biyu, na yi wasiyya cewa a ba Sale kekena. Umma ta ce in rufe mata baki.

Mako na biyu jinin ya ragu, amma kwiɓin bai saki ba, zazzaɓi kuma ya dawo. Muka koma. Likitan, wani siriri mai tabarau, ya ɗan bugi bayana ta hagu, na yi ƙarar da ta sa wata nas ta leƙo. Ya rubuta hoton ciki da gwajin jini. Na'urar hoton asibitin ta lalace, aka ce mu je wani wuri a cikin gari. Ranar Umma ta sa aka kai tunkiyarta kasuwa.

Wurin hoton dokarsu ita ce mara ta cika tam. Na shanye ledar fiya wata guda huɗu, na zauna a layi, mutum goma sha ɗaya a gabana, kowa ya harɗe ƙafa yana zufa, ba mai yi wa wani magana. Da aka zo kaina, mai hoton ya shafa mini wani abu mai sanyi, yana goga na'ura yana yi mini wasa. Ya zo ta hagu, sai ya daina wasan. Ya goga, ya koma dama, ya sake dawowa. Na ce, "Yallaɓai, lafiya?" Ya ce, "Likitanka zai yi bayani."

Maganar likitan har yau tana kunnena yadda ya faɗe ta. "Ƙodar hagu ta kumbura. Ƙwayayen sun sa hanyar da fitsari ke bi ta ƙuntata, yana komawa baya." Ya ce wataƙila tun ina ƙarami nake ɗauke da tsutsar, shigar da na yi ta yi kwanan nan ta ƙara mata yawa. Gwajin jini, wani abu wai shi kiriyatinin, ya ɗan hau kaɗan. Ya ƙara mini maganin ƙwayoyin cuta, ya hana ni duk wani jiƙo da maganin ciwon jiki na kemis. Ya ce a yara sau da yawa kumburin yakan sauka bayan magani, amma ba zai yi alkawari ba. Sai bayan wata uku a sake hoto. In bai sauka ba, Kano za a tura mu a yi maganar aiki.

Wanda ba ɗan garinmu ba ba zai gane abin da kalmar ƙoda ke yi wa mutum a nan ba. A layinmu akwai wani tela da aka yi ta kai shi wankin ƙoda har ya rasu bara, ina cikin waɗanda suka raka shi makwancinsa. A cikin Keke Napep muna komawa, Umma ta riƙe takardar hoton da hannu biyu, ba ta dube ni ba, leɓɓanta suna motsi. Na nemi abin dariyar da zan faɗa, na rasa.

Wata ukun nan sun fi shekara talatin tsawo. Aka rage mini gishiri har miya ta koma kamar ruwan wanke kwano. Aka ajiye mini jarkar ruwa, sai na shanye ta kafin la'asar. Kowace safiya zan yi fitsari a farar kwalba in ɗaga ta a rana, gidan kaf ana jiran sakamako: in ya yi garau, a yi hira, in ya yi duhu, ko rediyo ba a kunnawa. Malama Rifkatu ta gaya wa Umma cewa in ƙoda ta gaza, ƙafa ce ke fara kumbura. Daga ranar, kullum Umma sai ta shigo ɗakina da tsintsiya. "Kai wannan, ɗaga ƙafa zan yi shara." In na ɗaga, sai ta kama idon sawun kamar tana kawar da shi, ta danna da babban yatsa, ta tsaya ta ga ko wurin zai lotsa. Ɗakina bai taɓa shan shara irin ta lokacin ba. Ni ma in ta fita sai in danna da kaina, sau ashirin a yini, har wurin ya yi ciwo in ce shi ke nan, ta fara.

Goggo Falmata kuwa ta gano inda jiƙonta ke tafiya, ta yi fushi na kwana tara. A na goma ta dawo da farfesun kaza ba gishiri, ta zauna tana kallona ina ci tana share ido da bakin mayafi, tana cewa hayaƙi ne.

Alhaji Babba ne ya fi ba ni tsoro. Ya sa aka ɗora jirgin a kan kwaba, rabinsa a rufe rabi haƙarƙari a waje, ya daina labarin Bahar Maliya ɗungurungum. Wata rana bayan la'asar na same shi a zaure.

"Alhaji, a sauko mini da jirgina. Zaman banza zai kashe ni kafin ƙoda."

"Kada ka sake faɗin haka." Ya daɗe yana jan carbi. "Ni na tura ka ruwan nan, Takwara. Ni na ce in ka isa. Da aka kawo mini wandonka kuma, dariya na yi."

"Ni ma ai na yi wa katantanwa waƙa."

Bai yi murmushi ba. Ya ce, "Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kwana ukun da muka yi a jirgin nan, a kwance na yi su a can ƙasa, tsakanin buhuna, ina amai. Ƙyallen sau biyu na gan shi, da za mu shiga da za mu fita. Igiyar ruwa kuwa ban ga ko ɗaya ba, jin ta kawai na yi."

"To taku arba'in da biyun fa?"

"Wannan gaskiya ne, da muka tsaya na auna. Haƙarƙarin ma na san su sarai, su na yi ta kallo ina roƙon Allah kada in mutu. Naka sun yi daidai."

Na yi dariya har kwiɓina ya amsa, shi ma ya yi, sannan ya juya fuska ya ce in kira masa kafintan nan. Kafinta ya zo, ya ji yadda na yi ta jiƙa katako a fadama, ya riƙe baki. Ya ce ai da na tambaye shi. Ya sa aka tafasa ruwa, ya zuba a wani guntun bututun ƙarfe da ya toshe gindinsa, ya tsoma katako ɗaya. Kafin Alhaji ya gama shan shayinsa, katakon ya lanƙwasa kamar taliya. Fiye da wata huɗu ina kutsawa cikin kachala saboda aikin da butar shayi za ta yi.

Da haka muka ƙarasa jirgin, Alhaji yana fifita gawayi, ni ina mannawa da gam ina gogewa da samfefa. Goggo ta ɗinka ƙyallen da tsohon farin rawaninsa. Ranar da muka ɗaura shi, ya sa yatsa ta ƙofar ramin jirgin, ya taɓa wani lungu tsakanin haƙarƙari na tara da na goma, ya ce, "Nan."

Ku da ke shiga ruwan fadama, ko wanka ko su ko wankin babur: in kun ga ja, ba balaga ba ce, ba zafin rana ba ne. Ku faɗa a makon farko, lokacin da ƙwaya kaɗai ta isa. Na ja Sale da ƙyar ya je, an sami ƙwayayen a nasa shi ma. Ina godiya ga likitan nan mai tabarau da bai ɓoye mana komai ba, da mai gwajin da ya bar ni na gani da idona. Amma har yau ina jin haushin na'urar da ta lalace, da layin da sai mara lafiya ya fi mai lafiya ƙarfi kafin ya kai ƙarshensa.

Ranar hoto na biyu Alhaji ya ce sai ya bi mu, da sandarsa da komai. Na sha ruwana, na yi layina, mai hoton ya goga hagu ya daɗe, ni ina kallon silin ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Muka kai wa likita. Ya jera takardar farko da ta biyu, ya cire tabarau, ya mayar.

Ya ce babu sauran ƙwai mai rai a fitsarina, gwajin jinin ya dawo daidai, ba za a yi aiki ba. Ƙodar dama lafiya lau. Ta hagu ta sauka sosai amma ba ta koma yadda take ba, kuma ya ce mai yiwuwa haka za ta zauna. An sake ba ni ƙwayoyin nan masu ɗaci, aka rubuta mini in dawo hoto bayan wata shida.